Fiyano ya shigo, makaɗi ya fita

Duk wanda ya gifta gidan biki a Badariya da yamma ya san sautin: ganga daga cikin fiyano, sarewa daga cikin fiyano, sai murya da Auto-Tune ya goge ta tas. Mutum ɗaya ne ya haɗa komai a situdiyo. Tun zamanin fim ɗin Sangaya kunnenmu ya saba.

Ba mu muka fara wannan rigima ba. A shekarun 1970, ƙungiyar Queen ta Ingila har rubutawa take a bangon faifanta cewa ba ta sa na'urar haɗa sauti ba. Sai ga Van Halen ta Amurka ta buɗe waƙarta Jump da wannan na'ura, ta kuma zo ta ɗaya a 1984. Amma a sake saurara: mai ganga yana nan yana zufa, mai jita ya yi nasa. Ƙari suka yi, ba su sallami kowa ba.

Mu sallama muka yi. Kalangun da ke bayan Shata magana yake, domin makaɗi na matsa tsarkiya sautin ya hau ko ya sauka yadda karin harshen Hausa ke yi. Mawaƙi ya ja numfashi, makaɗi ya jira shi. Mu da ke cin abinci da rubuta manhaja mun san abin da FL Studio ke yi wa bugu: tana jera shi a kan layi daidai wa daida, a kwafi gaɓa huɗu a liƙa har ƙarshen waƙa. Yanzu mawaƙin ne ke bin na'ura, shi ya sa baiti ke gajarcewa. Ba ma musun alherin fiyano, ya ba yaron da bai gaji kiɗa ba damar yin waƙa.

Mdou Moctar na Nijar a nan Sakkwato ya naɗi faifansa na farko, Anar, a 2008, da Auto-Tune irin namu, ya yaɗu waya zuwa waya. A Afrique Victime na 2021 kuwa mai ganga ne ke ingiza shi, waƙa ta soma a hankali ta ƙare da gudu.

Masu kalangu suna nan a Argungu, tafiyar kusan awa ɗaya. Kuɗin mota da na sallama ne ke hana a kira su situdiyo, fiyano kuwa wuta kaɗai yake nema.