Alhajin Littafi Da Wayarsa

Yau gyara na kawo mana mu marubuta, kuma da kaina zan fara, domin an ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Duk mai karanta littattafanmu na soyayya ta san wani Alhaji. Kyakkyawa ne, ga mota, ga ƙamshin turare. Yarinya ta yi wata uku tana sintiri a ofis neman gurbin karatu ko takardar ɗaukar aiki, sai Allah ya haɗa ta da shi, ya ɗaga waya ya ce "Ni ne", kafin la'asar masinja ya kawo takarda har gida yana durƙuso. Mu marubuta mu ce ga namijin duniya, ku masu karatu ku yi ajiyar zuciya ku ce Allah ya ba mu irinsa. Ni kaina sau biyu na rubuta shi, kuma an yaba min.

Ban ga illar abin ba sai da mijin yayata ya rasu, bayan ya shekara 22 yana aikin gwamnati. Da ta fita takaba na riƙa raka ta neman garatutinsa. Yau a ce oga ya fita, gobe a ce fayil bai sauko ba. Ran nan muna kan benci tun safe, sai ga wata mata da ɗan kati a hannu, ta wuce mu duka ta shige, ba a jima ba ta fito tana murmushi. Yaya ta dube ni ta ce, "To ƙanwata, ga Alhajin littafinki nan ya yi waya." Wallahi kunya ta hana ni magana. Ashe duk takardar da Alhaji ya sa aka tsallako da ita, ta wata baiwar Allah aka danne a ƙasa, ita ce kuma ba ma taɓa sakawa a labari.

Kuskurenmu na biyu shi ne yadda muke nuna akawu, kullum mugu ne mai ɗaure fuska, mai jiran na goro. Akwai irinsu, ban musa ba. Amma a ofishin nan wani dattijon akawu ya kafe sai mun kawo shaidar rasuwa da takardar kotu mai sunayen magada. Muka yi ta tsine masa a hanya. Daga baya muka ji ashe wani dangin mamacin ya riga mu zuwa, ya ce shi ne wakilin marayu, dattijon ya hana shi don ba shi da takarda. Da a ce magana kawai ake bi, da kuɗin marayu biyar ya tafi. Nan na gane fayil da lamba da sa hannu an yi su ne don wadda ba ta da kowa ta sami haƙƙinta daidai da matar gwamna.

Gwamnatoci sun sha yi wa aikin ofis gyara. A 1974 kwamitin Udoji ya kawo ƙarin albashi. A 1975 Janar Murtala ya sallami ma'aikata sama da 10,000. A 1976 aka sauya En'e da ƙananan hukumomi. A 1988, zamanin Babangida, aka mayar da babban sakatare darakta-janar, daga baya aka dawo da tsohon suna. A 2004 aka yi sabuwar dokar fansho. Duk da haka alfarma ba ta mutu ba, domin a gidajenmu ake rainonta. Mu ne muke gorin ɗan uwa ma'aikaci mu ce ba ya taimakon dangi idan ya ƙi tsallake layi, mu ne kuma muke rubuta mai tsallakewar a matsayin gwarzo.

Don haka ina roƙon 'yan uwana marubuta, in za mu kawo Alhaji da wayarsa, mu kawo har da matar da aka bari a kan benci. Ku kuma uwargida da amarya, ku sami jaka ɗaya ku adana takardu: ta haihuwar yara daga Hukumar Ƙidaya, ta gida ko fili, da ta aikin maigida. Ku tambaye shi cikin ladabi sunan wa ya rubuta a fom wanda za a nema in ta Allah ta kasance. Wannan ba fatan mutuwa ba ne, Yaya ta ce da ta yi tambayar nan da wahalarta ta ragu.

Allah ya ji ƙan magabatanmu, ya ba ma'aikatanmu ikon riƙe amana, amin.

Taku har kullum.