Tsokaci a Kan Ra'ayin Barin Shara a Cikin Kompaila

Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a auna wani ra'ayi da Walter Bright, wanda ya ƙago harshen D, ya bayyana a mujallar Dr. Dobb's a shekarar 2013. Kompaila dai ita ce manhajar da ke yin tafinta, wato ta karɓi shirin da mutum ya rubuta ta mayar da shi harshen na'ura. Yayin wannan aiki takan gina bishiyar li'irabi ta kowace jimla, da jadawalin sunaye, da sauran gine-ginen bayanai, kuma kowannensu sai an yanka masa wuri a ma'adanar kwamfuta. Tambayar ita ce, yaushe za a karɓe wurin da aka gama amfani da shi?

Hujjar Bright

Amsar Bright ita ce ba sai an karɓe ba. A ganinsa kompaila gajeren rai gare ta: ta tashi, ta yi aikinta, ta mutu, sannan babbar manhajar na'ura ta kwashe komai gaba ɗaya. Saboda haka a kompailarsa ta DMD ya riƙa karɓo babban fili lokaci guda, yana tura manuni gaba duk sa'ad da aka nemi wuri. Babu bincike, babu mayarwa. Dole a yaba masa, domin da wuya a sami hanyar rabon wuri da ta fi wannan sauri, kuma ta toshe wani mugun kuskure, wato a saki wuri alhali wani sashe yana riƙe da shi.

Inda Hujjar Ta Gaza

Raunin farko yana cikin harshen D kansa. Harshen ya ba da damar a gudanar da wasu lissafe-lissafe tun lokacin tafinta, kuma irin wannan lissafi yakan haifi bayanai masu yawa waɗanda amfaninsu na ɗan lokaci ne. Tun da ba a sakin komai, sai ma'adana ta yi ta cika har aikin ya tsaya. Mai babbar na'ura ba zai ji a jikinsa ba. Ɗalibi mai ƙaramar kwamfuta shi ke biyan kuɗin saurin. Masu kula da DMD sun amsa wannan a aikace a 2019, da suka ƙara zaɓin -lowmem, wanda ke kunna mai kwashe shara.

Rauni na biyu shi ne zancen gajeren rai ya daina zama gaskiya a ko'ina. Tun da Microsoft ya fito da ƙa'idar LSP a 2016, ya zama ruwan dare sashen gaba na kompaila ya wuni a kunne cikin manhajar rubutu, yana sake li'irabi duk lokacin da aka canza harafi. Abin da ba ya sakin wuri ba zai jure wunin ba.

Wasu Hanyoyi

Bai kamata a ɗauka kwashe shara, wadda John McCarthy ya bayyana a 1960 domin harshen Lisp, ita ce maganin komai ba. GCC ta rungume ta a fitowa ta 3.0 a 2001, bayan wahalar da aka sha da tsohon tsarin obstack. To amma sai da aka yi wa gine-ginen bayanai alamar GTY domin mai shara ya san inda manunai suke, kuma ba a yin sharar sai a ƙayyadaddun wurare tsakanin matakan aiki. Wannan ma nauyi ne.

Hanyar da ta fi gamsar da ni ita ce ta Fraser da Hanson a kompailar lcc, wadda suka bayyana a littafinsu na 1995. Sun kasa ma'adana fage uku: na dindindin, da na aiki guda, da na jimla guda. A cikin kowane fage tura manuni ake yi, kamar dai yadda Bright ya yi, amma da an gama jimla sai a share fagenta baki ɗaya.

Kammalawa

A taƙaice, Bright ya auna tsawon ran kompaila, alhali abin aunawa shi ne tsawon ran kowane bayani a cikinta. Saurin da ya samu na gaske ne, kuma ana iya riƙe mafi yawansa ta hanyar kasa fage. Gyara kayanka dai bai zama sauke mu raba ba. Abin da ya rage wa mahalarta su tattauna shi ne bayanan da ransu bai dace da kowane fage ba, domin a nan ne kwashe shara ke da gurbinta.