3.4 Tarihin Haska Wasan “Labarina” Daga Zango Zuwa Zango

An fara nuna wasan “Labarina” na kamfanin Saira Movies, wanda Malam Aminu Saira ya ba da umarni, a tashar Arewa24 a shekarar 2020, kashi ɗaya a kowane mako. Kafin zuwan irinsa, wasannin da Hausawa suka saba gani a akwatin talbijin, kamar “Samanja Mazan Fama” na Usman Baba Pategi a Kaduna, kowane kashi yakan ɗauki matsalarsa ya warware ta a zama ɗaya. Wanda bai kalli na makon jiya ba, bai yi asarar komai ba. “Labarina” kuwa zare ɗaya ne ake ja, a tsinke shi a ƙarshen zango, a bar mai kallo da zulumi har wasan ya dawo.

Abin da wannan bincike ya lura da shi shi ne, ba buƙatar labari kaɗai ke juya akalar zangunan farko ba. Sau da yawa halin da ’yan wasa suka shiga a waje shi ya riƙa yanke hukunci. Jigon farko ya ginu ne a kan Sumayya, ’yar talakawa, da mazan da ke neman aurenta, musamman Mahmud da Presdo da Lukman. Da Nuhu Abdullahi ya bar wasan, sai aka kashe Mahmud. Mutuwa dai ba ta sallama, don haka mai kallo ya iya haɗiye wannan. Amma da Nafisat Abdullahi ta janye a 2022, ba yadda za a yi a kashe tauraruwar da duk labarin ya rataya a wuyanta, sai aka ɗauko Fati Washa ta ci gaba a matsayin Sumayya. A nan ne zubin wasan ya yi rauni ƙwarai. Ba gazawar sabuwar ’yar wasan ba ce. Matsalar ita ce an nemi mutanen da suka daɗe suna tausaya wa fuska ɗaya su mayar da tausayin kan wata fuskar, alhali ba abin da ya faru cikin labarin da zai sa su yi hakan.

Dabarar da ta ceci wasan ita ce rufe labarin Sumayya da buɗe wani sabo fil a ƙarƙashin tsohon suna, wato na Mainasara, attajirin da ya ɓad da kama ya zama talaka don neman mai son sa tsakani da Allah, wanda Sadiq Sani Sadiq ya fito a matsayinsa. Jigon tsoho ne, domin ko a tatsuniya akwai shi. Sai dai sunan wasan ya ba da wannan dama, tunda kowa na da labarinsa, kuma daga nan tafiyar ɗan wasa ɗaya ba ta isa ta rusa ginin ba.

Haka nan hanyar isar wasan ga jama’a ta faɗaɗa. Sanya shi a YouTube ya raba shi da ƙa’idar lokaci. A garuruwa irin su Tudun Wada da Kiru da Bebeji da Doguwa, inda wutar lantarki ba ta da tabbas, mai kallo ba sai ya jira tasha ba, yana iya zuwa wurin masu tura finafinai a zuba masa a waya. Wannan yaɗuwa ba ta fitar da wasan daga hannun hukuma ba, domin a watan Mayu na 2025 Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano ta sanya shi cikin wasanni 22 da ta dakatar, bisa dalilin cewa ana sakin su ba tare da an kai mata ta tace ba.