Fitilar Ƙirya Daga Gaya: Tubarkalla!

Duk wanda yake ganin aikin sassaƙa ya tsaya ga turmi da taɓarya da ƙotar fartanya, to bai ga fitilar da wani malamin firamare yake yi a garin Gaya ba. Masha Allah, tubarkalla! Na daɗe ban ga abin hannu da ya shiga raina kamar wannan fitila ba, kuma ina faɗa da babbar murya: ta fi duk fitilun roba da ake jibgewa a Kasuwar Sabon Gari kyau, nesa ba kusa ba.

Shi wannan bawan Allah ba kafinta ba ne, bai kuma gaji sassaƙa ba. Sha'awa ce kawai. Idan ya taso daga makaranta, ya yi la'asar, sai ya shimfiɗa buhu a zaure ya baje kayansa: gizago, kurfi, magagari, ɗan injin huda, da sanfefa iri biyu, mai kaushi da mai laushi. Itacen ma ba saye yake yi ba. Tsofaffin ƙananan turaman dakan yaji yake bi gida-gida yana roƙa, waɗanda gindinsu ya huje, matan gida sun jingine su a bayan ɗaki suna jiran ranar da za a faskara su a sa a murhu.

Nan hikimar take. Turmin kirki da ƙirya ake sassaƙa shi, ita kuwa ƙirya kowa ya san taurinta, gara ma ba ta cika samun yadda take so da ita ba. Turmin da ya shekara da shekaru yana shan daka ya riga ya bushe ƙayau, ya gama duk tsagewar da zai yi. Ɗanyen itace kuwa, ka sha wahalarka ka gama, hunturu na kamawa sai ka ji ya dare. Shi ya sa Malam ba ya kusantar sabon sara. Wannan ya ƙara mini ƙaunar aikin, don ƙirya ta yi ƙaranci a dazuzzukanmu, masu gawayi sun bi ta sun kusa ƙarar da ita.

Sai ya kife turmin, bakinsa ya koma ƙasa, hujajjen gindin ya koma sama ya zama mafitar iska. Ya rage kaurin bangon da kurfi a hankali, a hankali, har ya dawo kamar kaurin ɗan yatsa. Daga nan ya ɗauko fensir ya zana dagi a gefe huɗu, ya kewaye sama da ƙasa da layin ƙananan dala-dala irin na bakin hula. Sannan huda. Kai jama'a, wannan huda! Rami kusa da rami, kowanne daidai da ɗan'uwansa, kuma ba a miƙe yake huda su ba, yakan ɗan karkatar da bakin injin sama, don haske ya hau bango maimakon ya soki idon mai zaune. Na sa yatsa na shafa ramukan ɗaya bayan ɗaya, babu tsini, babu sartse, ya bi kowanne da sanfefa naɗe a jikin tsinke. A gefe guda akwai wata tsohuwar tsaga da taɓarya ta bari. Bai ɓoye ta ba. Ya cike ta da dusar itacen da gam, ya goge, ta fito kamar jijiya a bayan hannun tsohuwa.

Ba ya shafa fenti. Man kaɗe yake narkawa ya murza da tsumma har itacen ya sha, jan nan mai duhu na ƙirya ya taso yana sheƙi. Na tambaye shi dalili, ya ce, "Yaya, ai fenti rufe asiri ne. Wannan itace kuwa ba shi da abin kunya da za a rufa masa." Wallahi ya yi gaskiya.

A ciki kuwa zamani ne tsantsa. Ƙwan LED ne mai ruwan ɗorawa, ba farin nan mai kashe ido ba, da batirin litiyam mai ƙarfin bolt 3.7, da ɗan makunni a ƙasa, da kafar caji irin ta wayar hannu. Ƙaramin faifan sola ya ishe ta. Ya ƙi tsohon ƙwan nan mai zare saboda zafinsa, tun da itace da zafi ba sa shiri. Wannan ƙwai na LED da muke saye da ɗan kuɗi kaɗan, sai da masana uku 'yan asalin Japan, Akasaki da Amano da Nakamura, suka ci kyautar Nobel a 2014 saboda gano nau'insa mai shuɗi, wanda daga gare shi aka samu farin hasken. Yau ga shi a cikin turmin dakan yaji a Gaya. Ni dai wannan haɗi yana faranta mini rai ƙwarai.

Kuma a ganina ba banza ba abin ya fito daga wannan gari. Tarihin baka ya nuna cewa maƙera ne daga Gaya suka tafi dutsen Dala neman tama, suka zauna a can, kuma har yau ana kiran zuriyarsu Abagayawa a birnin Kano. Maƙeri kuwa ba shi da gawayin da ya fi so kamar na ƙirya, saboda ƙarfin wutarsa. Ke nan tsakanin mutanen Gaya da ƙirya da wuta akwai tsohuwar sanayya. Kurfin da Malam yake aiki da shi ma wani dattijon maƙeri ne ya buga masa, kuma har gobe idan baki ya dakushe wurinsa yake komawa: "Baba, a taimaka a wasa mini."

Amma sai an kunna ta da dare ake sanin abin da aka yi. Wani dare an ɗauke wuta, ɗaki ya yi baƙi ƙirin, aka danna makunni. Nan take dagi huɗu suka bazu a bango, manya-manya, dala-dalan nan suka jeru a jikin rufi. Yaran gidan suka yi tsalle suna kama zanen da hannu. Wata gwaggo da ke zaune a bakin ƙofa ta riƙe haɓa ta ce, "Ikon Allah! Turmin nawa ne wannan?" Nata ne kuwa. Wanda ya tashi da aci-balbal da fitilar ƙwai, ya sha hayaƙin kananzir da wankin gilashi kowace yamma, shi zai fi kowa gane daɗin haske mai ado irin wannan, babu tiriri, babu ƙauri.

Gaskiya ba fitilar karatu ba ce, haskenta na hira ne da kwanciyar hankali. Tana da nauyi kuma, ba abin ratayawa ba ce. To sai me? Ni nauyin ma burge ni yake yi, yaro ba zai ture ta da wasa ba.

Yanzu Malam ya fara gwada maɗaci da tsofaffin akusa, yana kuma koya wa ɗalibansa biyu riƙon kurfi ranakun Asabar. Iyayen amare daga Ajingi da Wudil sun fara aiko masa da saƙo suna son a sa musu ita cikin kayan ɗaki, shi kuma yana ba su haƙuri, don ba ya yarda a gaggauta shi. Ni ma na bi layi. Na riga na aika gida a duba mini bayan rumbu, ko akwai tsohon turmin da ba a kai ga faskarawa ba.