Rabon Gaɓa a Aikatau: Sharhi Daga Bakin Mutanen Kalmalo

Maƙasudin wannan takarda shi ne a duba yadda ake koyar da rabon gaɓa a makarantunmu, musamman a kalmomin aikatau. A ganina, haruffan da ke kan allo muke rabawa, mun bar abin da baki yake furtawa.

An yarda cewa gaɓar Hausa iri uku ce: baƙi da wasali, kamar ci, baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, kamar so da kai, sai baƙi da wasali da baƙi, kamar kar a kalmar karɓa. Ta farko marar nauyi ce, biyun ƙarshe masu nauyi. To, amma rubutun boko bai nuna tsawon wasali ko karin sauti. Mutanen Sifen sun fi mu sa'a a nan. A harshensu canto da cantó rabonsu ɗaya ne, can-to, sai dai ɗigon da ke kan wasalin ƙarshe yana gaya wa mai karatu inda zai ƙarfafa murya: na farko "ina rerawa", na biyu "ya rera".

Mu ɗauki yaron Kalmalo, kusa da Illela a bakin iyakar Ƙonni. Shi zamna yake cewa, da sabka, inda Bakano zai ce zauna da sauka. Idan ya raba zam-na, sau da yawa jan biro yake sha. Alhali kuwa tun 1928 Klingenheben ya nuna cewa baƙin leɓɓa da ke rufe gaɓa shi ne ya koma wasali a Hausar Gabas, watau siffar yaron ita ce ta asali. Kuma zam da zau nauyinsu ɗaya. Abin mamaki, akwai malaman da za su karɓi za-u-na, gaɓa uku, wadda babu Bahaushen da ke furta ta.

Inda matsalar ta fi tsanani shi ne shuɗaɗɗen lokaci na biyu. Daidaitacciyar Hausa tana cewa "shi ne ya zo", da gajeren wasali a ya. Basakkwace yana cewa "shi na yaz zo", ko "tat tahi", ya rufe gaɓar da baƙin farko na aikatau. A nan nauyi ya sāke, gaɓa marar nauyi ta zama mai nauyi. Waƙar Hausa kuwa a kan nauyin gaɓa karinta yake tafiya. Saboda haka duk mai juya waƙoƙin malaman Sakkwato na ƙarni na 19 daga ajami zuwa boko, in ya "gyara" yaz zo ta koma ya zo, ya karya karin baitin, sa'an nan ɗalibi ya zo yana ƙirga ƙafafu yana ɗora wa marubucin laifi.

Shawarata ga kwalejojin horon malamai ita ce a riƙa sa ɗalibi ya furta aikatau da karin harshensa tukuna, ya raba, ya auna nauyi, kafin a kawo masa siffar Kano a jera su gefe da gefe.