Turke Kafin Jigo: Yadda Ya Kamata a Feɗe Waƙar Fada a Yammacin Zamfara

Ɗalibin Hausa da ya tashi a Anka ko Gummi ko Bukkuyum, idan ya shiga jami'a, mazhabobi biyu ake fara ɗora shi a kansu. Akwai ta Abdulƙadir Ɗangambo, wadda ya tace a Ɗaurayar Gadon Feɗe Waƙa a 2007: share fage, jigo da warwararsa, zubi da tsari, sannan salo. Akwai kuma ta Sa'idu Muhammad Gusau a Jagoran Nazarin Waƙar Baka na 1993, inda ake bin salsalar waƙa da turkenta da tubalan da suka gina turken, da awon baka. Ta farko an yanka ta ne daidai rubutacciyar waƙa. Ta biyu kuwa ta san akwai jagora da 'yan amshi da kiɗa, ta san ɗan waƙa ba baiti ba ne.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake mayar da ta biyun fom ɗin cikewa. Ɗalibi ya samo waƙar fada a kaset ko a waya, ya juye ta a takarda, ya rubuta cewa turkenta yabo ne, ya ƙirga kamance da siffantawa, ya rufe littafi. Bai yi ƙarya ba, amma bai taɓa waƙar ba.

Makaɗin fada ba iska yake yi wa waƙa ba. A gaban sarki yake, da hakimai da 'ya'yan sarki zaune, kowa ya san wanda ya nemi sarautar ya rasa. Zambo da habaicin da ake sakawa tsakanin ɗiyan yabo suna da mai su, ko da ba a kama suna ba. Manazarcin da bai san gidajen sarautar garin ba zai wuce su yana cewa adon harshe ne, alhali nan ne waƙar take aikinta. Haka sunayen sarautun. Sarkin Zamfara a Anka yake zaune, saboda nan gidan ya samu matsuguni bayan Gobirawa sun ci Birnin Zamfara a ƙarni na 18. Na Gummi Sarkin Mafara ne, na Bukkuyum Sarkin Danko. Duk kirarin da ya ambaci kakanni a waɗannan fadoji, da'awar asali ce ake sabuntawa a bainar jama'a, kuma sai da tarihi a hannu ake jin nauyinta.

Sai karin harshe. Wanda ya gyara "munka" da "sunka" zuwa daidaitacciyar Hausa ya rage nauyin gaɓa, ya karya raujin da kotso yake bi.

Turawa ma sun iso wannan gaɓar. Albert Lord a 1960 da Ruth Finnegan a 1970 sun nuna cewa adabin baka a wajen aiwatarwa yake rayuwa. Mu da muke da Musa Ɗanƙwairo na ƙasar Bakura, da Sa'idu Faru da ya yi wa Sarkin Kudu Macciɗo kiɗa a Talata Mafara, bai kamata sai an faɗa mana ba.

Ɗalibin yammacin Zamfara yana da abin da ɗan Kano ba shi da shi: dattawan fada da tsofaffin 'yan amshi suna kusa da shi, da yarensu ya tashi. Kafin ya rubuta turke, ya je ya tambaye su ranar da aka yi waƙar, da wanda ya sunkuyar da kai da aka zo wani ɗa.