Gwanintar Marubutan Littattafan Daragon na Yara

Daga cikin marubutan da suka cancanci jinjina akwai masu rubuta wa yara 'yan shekara 6 zuwa 8 littattafan daragon, wato ƙaton dodo mai siffar ƙadangare da fukafukai, wanda almarar Turawa ta ce yana feso wuta ta baki. Ana kasa waɗannan littattafai zuwa gajerun babuka, ana kuma yawaita zane a cikinsu, domin yaron da ya bar littafin hotuna ya saba da dogon labari ba tare da ya gaji ba.

Gwanintar ta fito fili a littafin My Father's Dragon, wanda Ba'amurkiya Ruth Stiles Gannett ta wallafa a 1948, inda yaro Elmer ya tafi wani tsibiri ceton ɗan daragon da namun daji suka ɗaure suna hawansa don tsallake kogi. Makaminsa cingam ne da alawa da mataji, kuma da matajin ya shagaltar da zaki da gyaran gashinsa har ya samu ya wuce. Kusan kowane babi na ɗauke da haɗari guda da dabara guda, tsarin da ke sa ƙaramin makaranci ya ƙosa ya juya shafi.

Tracey West ta bi wannan sawu da jerin Dragon Masters, wanda kamfanin Scholastic ya fara bugawa a 2014, inda ɗan manomin albasa ya zama mai horar da daragon.